Baƙin Gilashin Malam Surajo

A zauren Baffa Mijinyawa muka ƙulla cinikin, da hantsi. Ni ina tsaye daga ciki na riƙe gefen asabari, shi yana tsugune bakin ƙofa, na'urar ɗaukar hotonsa rataye a wuya.

"Aron kwanuka nake so, Hauwa'u. Masu launi. Da furen albasa ya kaɗe zan maido miki da kayanki."

"Kwanukan jerena? Malam, ka san abin da kaka roƙo kuwa? Ko Inna ba ta taɓa su sai ta wanke hannu."

"Na sani, shi ya sa ban ce a banza ba. Faɗi abin da za ki karɓa."

Na sunkuyar da kai kamar mai nazari, alhali tun ranar da na fara ganin na'urar nan na san farashina.

"Hoto. Mai launi kuma. Ba irin na mai hoton kasuwa ba, da mutum ka hitowa awa an tsamo shi cikin toka."

Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito. "An gama."

Wanda yau ya fara karanta ni, bari in zaunar da shi. Kulu ake kirana, a Bodinga aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina goye, ƙanensa Baffa Mijinyawa ya riƙe mu ni da Inna a gidansa. Baffa yana da ɗiya tsarata, Asiya. Ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, kuma tun muna wasan 'yar tsana in aka raba mana abu sai na leƙa nata kafin in dubi nawa. Halina ne, ban ga abin ɓoyewa ba.

Shekarar da ake ta yawon neman ƙuri'a ce karo na biyu, lokacin tsuke bakin aljihu. Shugaban ƙasa ɗan yankinmu ne, mutanen nesa na zaton da madara muke wanka, alhali sabulu ma sai kana da hanya. A cikin wannan hali Alhaji Lawali ya fito yana sona. Ɗan garin Shagari ne, yana da babbar mota mai kai albasa Kudu. Ba tsoho ba ne, ba mummuna ba ne, kada ku ce an matsa mini. Aibinsa guda: in ya kawo katan ɗin sabulu gidanmu sai duk unguwa ta ji labari kafin mu buɗe. Inna kullum maganarta ɗaya, "Kulu, marainiya ba ta zaɓe da tsawo, ki dubi motar nan." Baffa kuwa ya ce in fito da wanda nake so kafin a sussuke irin albasar bana. In ban fito da shi ba, maganar Lawali ce a gaba.

Wanda nake so ɗin shi ne mai aron kwanuka. Malam Surajo, malamin gona da aka turo mana daga Sakkwato, ɗan Talata Mafara. Ya yi karatu a Zariya har Hausarsa ta koma ta can. Albashi ya daɗe bai zo ba, rigunansa sun fara kodewa a kafaɗa, babur ɗin gwamnati yake hawa in ya sami mai. Amma in yana bayani, da hannu biyu yake yi, sai ka ji kamar kai kaɗai ne mai hankali a garin. Bai taɓa cewa yana sona ba. Ni ce na yanke cewa zai ce.

Abin da ya haɗa shi da gidanmu fadamar Baffa ce. Irin albasar Baffa ya fara fitowa holoƙo, kai ya yi kyau a ido, a murza babu ƙwaya. Malam ya ce ƙudan zuma ne ba ya sauka kan furen yadda ya kamata, shi ke ɗaukar garin wannan fure ya kai wa wancan. Yana so ya gano launin da ke jawo shi, in ya gano sai a kewaye fadamar da shi. Baffa ya ce shi dai bai taɓa jin an tambayi ƙuda ra'ayinsa ba, amma a gwada.

Na shiga ɗaki na sauke jerena. Inna ta daɗe tana tara mini su da ribar ƙuli-ƙuli, kwanuka ne jajaye wur masu murfi, da zanen ganye na ruwan zinari a baki, 'yan waje, tun kafin a hana shigo da kaya. Duk Bodinga babu budurwa mai irinsu. Na Asiya kuwa shuɗaye ne da rawaya, irin na Kano masu arha, waɗanda ni da bakina na taɓa ce mata sun fi dacewa da ba kaji ruwa. Na goge nawa da tsumma, na jera a faifai, na miƙa masa ina kallon ƙasa. A raina na ce, mutumin da ya ɗauki jeren budurwa ya fita da shi gaban jama'a ai ya gama magana, saura kai goro.

Ba a daɗe ba ya dawo da su, a wanke, a jere yadda na ba shi.

"Hauwa'u, kwanukanki sun fi ƙarfin aikina."

"Kamar ƙaƙa?"

"Na zuba ruwan sukari a ciki, na zauna tun safe har azahar. Sai ƙudan ya bi ta kansu ya wuce. Ƙudan zuma ba ya ganin ja. Abin da ke ja a idonki, shi duhu yake gani, kamar bakin rijiya."

"To makaho na."

"Ba makaho ba ne. Akwai ma wani launi da yake gani wanda ni da ke ba mu taɓa gani ba, ba shi da suna a Hausa. Shuɗi nake nema yanzu, da rawaya, da fari."

Asiya tana tankaɗe a tsakar gida, dab da zaure. Ba ta ɗago ba, ba ta tsayar da rariya ba, ta ce, "Malam, in ba a raina ba, ni ina da na ba kaji ruwa."

Ya ce, "Na me?"

"Yaya Kulu ta san su."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, kuma da na shiga da na jawo ƙafarta.

Daga ranar gidanmu ya koma tashar Malam Surajo. Da safe ya zo karɓar kwanuka, da la'asar ya maido, kuma ba sunana yake kira ba. Daga baya ya roƙi Baffa a bar Asiya ta riƙa bin shi fadama tana sake ruwan sukari yayin da shi yake ƙirga masu sauka, tunda Baffa ma yana can wuni. Baffa ya yarda. Ku da kuke da waya yanzu kun huta, in kuna zargin mutum sai ku duba yaushe ya hau layi. Mu sai dai mu karanta jiki. Na ga Asiya ta fara goge kaushi da dutse. Na ga ta ciro shuɗin mayafinta na sallah ta mayar da shi na zuwa fadama. Na ga kitson da take bari ya yi wata ta tsefe shi tun bai tsufa ba.

Ga kuma bakin da ta samo. Muna daka, sai ta fara.

"Yaya Kulu, kin san saniya ma ba ta ganin ja yadda muka ganin shi? Malam ya ce motsi taka bi."

Na ci gaba da luguden.

"Ya ce tsuntsu ya hi mu ido nesa ba kusa ba. Wai hankakan nan da muka gani baƙi da hwari, ƙila 'yan uwanshi wata irin ƙawa suka gani gare shi."

"Malam bai ce ki riƙe taɓarya da kyau ba? Kina zubar muna da gero."

Ta yi murmushi. Murmushin nan ya fi zagi ciwo.

Ran nan na dama fura na ce ni zan kai wa Baffa. Inna ta bi ni da kallo, don ta san rabona da fadama tun ina yarinya, ƙaiƙayi take sa ni. Na iske furen albasa ya yi fari tas, kawuna tsaye kamar an jera ƙananan rawuna. A gefen shukar an jera kwanukan Asiya, shuɗayen sun yi baƙi da ƙudan zuma, sai gunji suke. Can wajen shinge inda kabewa ta yaɗu, Asiya ce tsaye riƙe da furen kabewa, Malam ya kafa na'urarsa a kan ƙafafu uku yana ɗaura wa na'urar wani baƙin gilashi a gaba.

"Kada ki motsa, Asiya. Ko numfashi a hankali."

Ya daɗe yana kallonta ta cikin na'urar. Ni na san daɗewar aiki, na san wadda ta wuce aiki.

Na ajiye ƙwarya da ƙarfi. "Sannunku da aiki. Mine ne wanga baƙin abu?"

Ya cire ya miƙo mini. Na ɗaga shi sama, ko rana ban gani ba ta ciki, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Wannan yana tare duk hasken da idonmu ke gani," in ji shi, "ya bar wancan launin kaɗai ya wuce, wanda na gaya miki. In aka wanke hoton, sai mu ga furen kusan yadda ƙudan zuma ke ganinsa. Ke kina ganin furen kabewar nan rawaya ne gaba ɗaya. A hoton za ki ga tsakiyarsa da wani tambari, kamar an zana masa ƙofa an ce ta nan ake shiga. Ubangiji ya yi wa ƙwaro rubutu a jikin fure, mu muna wucewa ba mu sani ba."

"Ikon Allah," in ji Asiya, kamar yau ta fara ji.

Na ce, "Ina hotona, Malam? Kwanukana ba su yi aiki ba, amma ciniki ciniki na."

Ya sosa ƙeya. "Fim ɗin launi ya ƙare, Hauwa'u, kin san halin da ake ciki, ko a Sakkwato babu. Ki yi haƙuri a kawo."

"To ka yi man da wanga. Wanda kay yi ma Asiya."

"Ai ba Asiya na ɗauka ba, furen na ɗauka. Wannan ba ya yi wa mutum kyau. Ba za ki so abin da zai fito ba."

Duk macen da ta taɓa kishi ta san yadda na ji maganar nan. A kunnena cewa ya yi akwai gilashin da ya ware wa Asiya, ni ban kai ba.

"Ita ta iya tsayawa gabanshi, ni ban iya?"

"Ba haka ba ne."

"To gobe ina zuwa."

Washegari na yi shirin da ko ranar sallah ban yi ba. Na ɗaura jar atamfata mai zanen tsuntsaye, riga da zane da kallabi. Na lakato man da Lawali ya kawo mini daga Ikko can Kudu, mai kauri, wanda aka ce matan can ke shafawa don rana, na mulke fuska da shi, goshi da kumatu da karan hanci. Na bi da hoda, na ja kwalli, na sa jan baki, na zuba warwaro. Inna ta ce, "Halan Alhaji za shi zo?" Na ce a'a. Ta ce, "To man Alhaji dai kika sha."

Malam ya sake roƙona in bari. Na ce ko ya ɗauka ko in gaya wa Baffa ya ci amanar ciniki. Ya tsayar da ni a rana, ya ce kada in motsa, kada in ƙifta. Na tsaya, na washe baki, na buɗe ido iyakar ƙarfina har hawaye ya taru. Asiya na gefe tana sake ruwan sukari, ta ƙi kallonmu, na ji daɗi.

Yanzu ga inda mai ilimi ya yi wauta. A Kaduna ake wanke irin wannan fim, Malam kuma ba shi da kuɗin mota. Wa ke bi ta Kaduna kowane zuwa Kudu? Alhaji Lawali. Malam ya tattara duk fina-finansa ya damƙa masa, har da godiya. Shi a kansa ƙudan zuma ne kawai ke yawo, bai san duk garin an san wa nake yi wa kwalliya ba, Lawali kuma ya fi kowa sani.

Da motar ta dawo, ambulan bai iso hannun Malam ba sai da ya zaga tashar Bodinga. Lawali ya zauna kan benci wajen mai shayi ya zaro hoto ɗaya yana nuna wa direbobi, yana cewa shi dai ba ya son gulma, amma a duba abin da malamin gwamnati ke yi wa 'ya'yan mutane a fadama. Kafin azahar magana ta kai bakin rijiya. Wasu suka ce gilashin kurwa yake kamawa. Wasu suka ce abin da ke cikin zuciyar mutum yake fitarwa, kuma an ga na Kulu. Wata tsohuwa ta rantse cewa dama tun ina jaririya ta lura idona ba na lafiya ba ne. Mai koko da ke kawo mana kullum ta tsallake ƙofarmu. Inna ta shiga ɗaki ta kwanta da fuska a bango.

Bayan la'asar Baffa ya aika aka kira Malam da Lawali, ya sa aka ce in zo. Na durƙusa daga bakin ƙofar zaure ta ciki, na ja mayafi. Ambulan da Lawali ya kawo yana kan buzu gaban Baffa. Ya zaro hoton ya turo mini da yatsa ɗaya.

Na gani. Jar atamfata ta zama baƙa kamar an tsoma ta a marina. Inda duk na shafa man Ikko ya fito baƙi ƙirin, dabbare-dabbare, har sawun yatsuna ana gani a goshi. Idanu kamar ramuka, haƙora kuma farare tas a tsakiyar duhun. Ko ni da na ga wannan abu a hanya da gudu zan yi.

"Allah shi ba ka nasara," in ji Malam, "babu kurwa, babu asiri. Man da ta shafa ne yake shanye wannan hasken, shi ya sa ya fito baƙi. Ko bango aka shafa wa haka zai fito. A kawo man, a kawo ƙwarya, in gwada a gaban kowa."

"Ni na yarda, Malam," in ji Baffa. "Na ga ƙudan zuma sun cika man hwadama, ban da shakka ga aikinka. Amma za ka bi rijiya-rijiya da ƙwarya kana gwada ma mata? Magana ta riga ta hita."

Lawali ya gyara babbar riga. "Shi ya sa nic ce, Baffa, irin waɗanga a kai ƙararsu Sakkwato a ɗauke su. Ni ko yanzu, duk da abin da anka gani, ban hwasa ba. Sai in rufa mata asiri."

Baffa bai ko dube shi ba. Ya zazzage sauran hotunan kan buzu yana bi ɗaya-ɗaya. Ga furen kabewa da tambarinsa a tsakiya, yadda Malam ya faɗa, da yatsun Asiya a gindinsa. Ga furen albasa, ga kuɓewa. Sai kuma masu launi suka zubo daga ƙasan ambulan.

Asiya tana zuba ruwa a kwano. Asiya tana dariya, shuɗin mayafi ya zame. Asiya ta juya baya tana kallon shanu. Asiya tana korar ƙuda daga fuska. Babu fure ko ɗaya a cikinsu. A nan na gane inda fim ɗin launi ya ƙare.

Ba zan iya kwatanta muku ba. Baƙin hotona bai ƙona ni ba kamar yadda shuɗin mayafin nan ya ƙona ni. Ta yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ban taɓa sanin Asiya na da kyau haka ba sai da na gan ta ta idonsa.

Baffa ya daɗe a kansu. Ya tattara su a hankali ya kife su a gefen gwiwarsa.

Malam ya matso ya durƙusa sosai. "Allah shi ba ka nasara, tunda abin ya zo haka, dama ina da niyyar turo magabatana daga Mafara. Ina jiran albashi ne. Wadda nake..."

"Dakata," in ji Baffa.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da ke cin Baffa a lokacin. Ga ɗiyar cikinsa, ga ɗiyar wansa da ke kabari. Sunan marainiya ne ya shiga tasha. In ya ba Malam Asiya ya bar ni da baƙin hoto, har ya mutu ana cewa Mijinyawa ya fifita tasa ya zubar da amanar ɗan'uwansa. Mutum irin Baffa ko sunan Asiya ba ya kira a gaban mutane don kara, balle ya zaɓa mata miji a kaina.

"Ɗiya guda nika da ita ta badawa yau," ya ce, "ita ce wadda na'urarka ta ɓata ma suna. In kana da niyyar alheri ga gidan ga, ga ta nan. In babu, ka kwashe kayanka daga hwadamata, ba mu da sauran magana, da ni da duk wanda ke cikin gidana."

Malam ya juya wajen buzun. Ya dubi hotunan da ke kife. Ya gane ko ya ce e ko ya ce a'a, Asiya ta fita hannunsa.

Baffa ya juyo gare ni. "Hauwa'u, ban yi maki dole. Kin ga abin da nig gani. Mi kika cewa?"

Ya buɗe mini ƙofa ce, na sani, shi ma ya san na sani. Da na ce, "Baffa, ni na matsa mashi ya ɗauka, ba ni yaka so ba, a ba shi Asiya," da Baffa ya sami hujjar da zai kare kansa gaban duniya, tunda daga bakina ta fito. Maganar tana nan a kan harshena, gajeriya ce. Ta bayan asabari ina jin numfashin mutum, na san ƙafar wa ke tsaye a wurin. Na hango Asiya a Mafara tana shimfiɗa masa tabarma, yana yi mata bayani da hannu biyu, ni kuma ina gidan Lawali ana rufa mini asiri da katan ɗin sabulu, kullum ana tuna mini.

Na ja mayafi na rufe fuska. "Duk abin da Baffa ya yanke, ni mai biyayya ce."

Baffa ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba, sannan ya ce, "To. Malam?"

"Na karɓa," in ji Malam Surajo, da muryar wanda aka miƙa wa takardar sammaci. "Na gode."

Lawali ya miƙe ya kaɗe riga. "Ashe ni na yi dakon aure da motata." Ya fita ko sallama babu.

Da na shiga ɗaki Asiya na zaune bakin gado tana tsefe kitson da aka yi mata shekaranjiya. Idonta a bushe.

"Barka, Yaya Kulu."

"Ke ma Allah shi kawo naki."

"Amin. Abu guda zan gaya maki, don kin riga ni. Ba shi son yaji ga miya, kuma in yana ƙirga ba a yi mashi magana."

"Zan koya da kaina."

"Za ki koya," ta ce, ta ci gaba da tsifa.

Kafin a sussuke irin albasa magabatan Malam suka zo daga Mafara da goro da 'yan kayan da suka samu. Maganar kurwa ta mutu da kanta, don mutanenmu ba sa tsoron matar da ta sami miji. Mai koko ta dawo. Inna ta tashi daga kwanciya, ko da yake har yau in ta ga babbar mota sai ta yi ajiyar zuciya. Malam yana zuwa zance yadda ake yi, ya zauna kan tabarma, ya tambaye ni gajiya, ya amsa abin da na tambaya. Hannuwansa biyu suna kan gwiwa, ba sa motsi.

Ana cikin haka wata Juma'a motar Lawali ta tsaya ƙofar gidanmu, dattawan Shagari suka sauko. Inna ta zaci rigima ce. Ashe Asiya suka zo nema. Lawali ya ga hotunan nan masu launi tun a Kaduna, ya sami hanya mai tsawo yana kallonsu. Baffa ya kira ta ya tambaye ta. Ina laɓe inda ta laɓe rannan, na ji ta ce, "Duk abin da Baba ya yanke," da irin muryata sak.

To ku lissafa da ni. Baffa ya ci riba, irin albasarsa ya cika buhu, sunansa kuma ya tsira. Lawali ya tafi farautar Malam ya rasa ni, ya tashi da wadda ta fi ni kyau a hoto. Malam Surajo ya gano launin da ƙudan zuma ke so, ya rasa wadda shi yake so. Asiya ba ta bari kowa ya ga nata lissafin ba. Ni kuwa na sami abin da na nema, mijin yana hannuna, an sa rana. Amma ranar da aka shigo da akwatunan Asiya tsakar gida, mata na guɗa ana ɗaga atamfa ɗaya bayan ɗaya, Malam ya yi sallama a zaure ya zo zance wurina, sai na ji ya tambayi Baffa a hankali ko gaskiya ne Shagari za a kai ta, kuma ko akwai masu noman albasa a can da ke bukatar malamin gona.